Ubangida da Yaronsa: Darasin Shugabancin Kasuwanci daga Fagge da Sabon Gari

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu duba yadda ake rainon ɗan kasuwa a Kano, mu ga abin da za mu koya game da shugabanci. Ra'ayinmu shi ne, ma'aunin shugaba a kasuwa shi ne yawan yaran da ya yaye suka tsaya da ƙafafunsu. Mun zaɓi Fagge da Sabon Gari domin maƙwabtan juna ne, amma kowacce da tata hanyar rainon yara.

2.0 Asalin Unguwannin Biyu

Tun kafin zuwan Turawa, Fagge zango ce a wajen ganuwa inda ayarin Azbinawa da fataken arewa suke sauka. Sabon Gari kuwa an kafa ta ne wajen 1913, domin baƙin da suka biyo jirgin ƙasa daga kudu, bayan layin dogo ya iso Kano a 1911. Daga baya Kwarori, watau 'yan Sham da Labanan, suka kafa kantunan yadi a Fagge, daga nan ne Kantin Kwari ya samo sunansa.

3.0 Misalin Alhassan Ɗantata

An haifi Alhassan Ɗantata a Bebeji a 1877, cikin zuriyar Agalawa. Ya fara da fataucin goro daga Gwanja, yana kuma cikin Hausawan farko da suka riƙa ɗora goro a jirgin ruwa zuwa Ikko. Da jirgin ƙasa ya iso, Turawa sun sa rai auduga ce za ta cika taragai, amma manoma suka ga gyaɗa ta fi tsoka, suka karkata gare ta tun daga 1912. Sai dai Bature bai san manomi ba, manomi kuma bai yarda da Bature ba. Fataken goro irin su Ɗantata su ne suka haɗa su, domin sun riga sun tara yara amintattu. Sukan ba yaro kuɗi ya shiga ƙauyuka ya sayo gyaɗa, ya dawo a yi lissafi, ya sami nasa rabon. A 1918 Ɗantata ya zama wakilin Kamfanin Neja, a 1929 kuma ya kai azurfa kayan raƙumi 20 ajiya a bankin da a yau ake kira First Bank.

Abin lura a nan shi ne, babban jarinsa amanar da ke tsakaninsa da yaransa ce, kuɗi sun biyo baya ne. Kafin ya rasu a 1955 ya hori 'ya'yansa da su riƙe kasuwancin a dunƙule. Wannan ne ya sa lokacin da fari da cutar gyaɗa ta 1975 suka kawo ƙarshen dalar gyaɗa, gidan bai rushe ba, domin ya riga ya shiga gine-gine da sauran sana'o'i.

4.0 Hanyoyi Biyu na Rainon Yaro

A Kwari, yaro yakan fara da share rumfa da ɗaukar dila. Idan ubangida ya yarda da shi sai ya bar masa aljihun ciniki, ya yi masa aure, watakila ma ya kai shi Makka. Kyawun wannan hanya shi ne zumunci, gama yaro ya zama ɗan gida. Aibinta kuwa shi ne ba ta da wa'adi. Yaro yana iya yin furfura a rumfa ba a sallame shi ba, ran da ubangida ya faɗi magada su raba dukiya bisa shari'a, shi kuwa ba magaji ba ne, sai ya tashi hannu wofi.

A Sabon Gari, 'yan kasuwar Ibo sukan yanka wa'adi a gaban iyayen yaro, yawanci shekara 5 zuwa 7. Yaro ba ya karɓar albashi, amma idan wa'adi ya cika wajibi ne maigida ya ba shi jari ya buɗe nasa shago. Wannan hanya tana cikin abubuwan da suka taimake su farfaɗowa bayan yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, lokacin da da yawansu fam 20 kawai suka samu daga ajiyarsu ta banki. Ita ma tana da nata aibin, domin akan sami maigidan da zai laƙa wa yaro sata dab da cikar wa'adi don ya kuɓuta daga sallama.

5.0 Shawarwari

Muna ganin kowace hanya tana da abin da za ta ara daga 'yar'uwarta. Na farko, ubangida ya yanka wa yaro wa'adi a rubuce, gaban shaidu da shugabannin kasuwa. Na biyu, a raba kuɗin rumfa da na cefanen gida, a riƙa rubuta shiga da fita. Na uku, mai dukiya ya sallami yaransa, ya kuma tsara makomar kasuwancinsa tun yana da rai da lafiya.

6.0 Kammalawa

Mu malaman kwalejojin ilmi muna da namu laifin. Muna koyar da kasuwanci da misalan Ingila da Amurka, alhali Kwari da Sabon Gari suna ƙofar gidanmu. Ya kamata mu riƙa tura ɗalibanmu waɗannan kasuwanni su zauna da iyayen gida da yaransu, su rubuto yadda ake ba da jari da yadda ake sallama, mu mai da abin da suka samo darasi a aji.