BATUREN DA SUNANSA SANDAR BUGUN HATSI NE

A shekara ta 1880 wani Bajamushe ya biyo Kogin Kwara har ya iso Gomba, ƙasa da Lolo, inda Gulbin Kabi yake zubowa cikin Kwara. Daga nan ya nufi Sakkwato, ya karɓi takardar izini daga Sarkin Musulmi domin ya tafi Adamawa. Sunansa Eduard Robert Flegel. A 1882 ya kai mafarin Kogin Binuwai, ya mutu a Brass a 1886.

Mai karatu, ka san ma'anar Flegel? Manoman shinkafa na Lolo za su yi dariya. Flegel sandar bugun hatsi ce. Sanduna biyu ne ake haɗa su da fata, mutum ya riƙe doguwar, gajeren yana faɗa wa alkama a masussuka. Jamusawa sun aro kalmar daga Latin, inda take nufin bulala. Watau kakan kakansa mai bugun hatsi ne, ko mai sassaƙa sandunan. Amma akwai wata fassara marar daɗi, gama har yau in Bajamushe ya ce wa yaro Flegel, yana nufin marar ladabi ne. Mai yiwuwa ne maƙwabta suka laƙaba wa wani bagidaje sunan don ba'a, jikokinsa kuwa suka gaje shi.

Haka sunayen iyali suka samu a Jamus. Da can kowa suna ɗaya gare shi. Daga wajen ƙarni na 12 garuruwa suka cika, masu suna Yohanna suka yi yawa, sai aka shiga bambanta su da sana'a, ko gari, ko kamannin jiki. Müller mai niƙa ne, shi ne sunan da ya fi yawa a ƙasar. Schmidt maƙeri, Fischer masunci. Schön, wanda ya juya Bisharar Matiyu zuwa Hausa, sunansa na nufin kyakkyawa. Sannu a hankali laƙabin uba ya zama na ɗa, ko da ɗan bai taɓa riƙe guduma ba. Da gwamnati ta karɓi aikin rubuta haihuwa da aure a dukan Jamus a 1876, sai ya zama abin da aka rubuta shi ne sunanka.

Mu ma mun san irin wannan. Madugun da ya yi wa Flegel jagora, har ya bi shi Berlin a 1884, ana ce da shi Madugu Mai Gashin Baki. Da a Jamus aka haife shi, da yau jikokinsa mata ma suna amsa Mai Gashin Baki!

To, abin da ya sami Jamusawa ya iso mana. Makaranta tana neman sunan iyali, banki da ofishin katin ɗan ƙasa suna nema. A bakin iyaka abin ya fi wuya. Uba ɗaya ne, amma wannan ɗa ya rubuta sunan mahaifinsa, wancan ya rubuta Lolo, na ukun da aka haifa wajen dangin uwa a Jamhuriyar Benin an sa masa sunan kaka, gama can suna ɗaya ne ke bin zuriya. Ran da za a raba gado, ko a nemi fasfo, sai takardu su ce su ba 'yan'uwa ba ne.

Iyaye, ku zauna ku zaɓi suna ɗaya tun yaro yana goye, wanda ba zai ji kunyar amsawa ba. Ku duba ya zama iri ɗaya a takardar haihuwa, da katin baftisma, da rajistar makaranta. Ku lura da haruffa kuma. Musa na Lolo, in ya haye iyaka, magatakarda zai rubuta Moussa, na'urar ofis kuwa za ta ɗauke su mutum biyu.