Manomi, kula da akaifar ƙafarka

Idan damina ta sauka a ƙasar Maraɗi, Damagaram ko Tawa, kowane manomi yakan wasa haiwarsa, ya gyara ƙotarta. Amma kaɗan ne daga cikinmu suke duba ƙafar da za ta kai su gona. Masu iya magana sun ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Akaifa, wadda wasu ke kira farce ko ƙumba, irin wannan haki ce. Idan ta yi ciwo lokacin noman fari, magidanci yana iya kwanciya kwana da kwanaki, ciyawa kuwa ba ta jiran kowa.

Yaya ciwon yake farawa? Akaifar da ta yi tsawo tana tara ƙasa da taki a ƙarƙashinta. Da an yi tuntuɓe sai ta tsage ko ta fita. Akaifar ƙafa ba ta saurin tsiro, domin a wata guda ba ta kai milimita 2 ba. Idan ta babban yatsa ta cire, sai an yi wata 12 zuwa 18 kafin sabuwa ta cika.

Wanda ya yanke ta har cikin nama, ko ya kwakule gefenta, shi ma bai tsira ba. Idan ta tsiro sai ta soki nama, yatsa ya kumbura, ya yi mugunya. Ta irin wannan ƙaramin rauni ƙwayar tetanos take shiga jiki. Wannan ƙwaya tana zaune cikin ƙasa da kashin dabbobi. Ciwonta yana sanƙarar da jiki, ya sarƙe haƙora, yana kuma kisa.

Ga abin da ya kamata mu yi. Kowane maraice, bayan an taso daga gona, mu wanke ƙafa da ruwa da sabuni. Mu cire ƙasar da ta maƙale a hankali, kada mu sa ƙaya ko allura. Mu tsane tsakanin yatsu da ƙyalle mai tsabta, domin laima ce ke kawo cin ruwa.

Lokacin da ya fi dacewa da yanka shi ne bayan wanka, sa'ad da akaifa ta yi laushi. A yanke ta a miƙe, daidai da bakin yatsa. Kada a zagaye gefe, kada a shiga nama.

Kowa ya mallaki abin yankansa. Reza ɗaya ba ta mutum biyu ba ce, ko da ƴan ɗaki ɗaya ne. Jinin da ido bai gani ba yana iya ɗaukar ciwon hanta ko sida daga wani zuwa wani. Idan za mu miƙa ƙafa ga mai yankan akaifa a kasuwa, mu tafi da sabuwar reza tamu.

Idan an ji rauni, a wanke da ruwa mai tsabta da sabuni, a ɗaure da ƙyalle wankakke. Kada a zuba toka, ƙasa ko baƙin mai. A je likita a tambayi allurar rigakafin tetanos. Idan yatsa ya kumbura, ko kaluluwa ta fito, ko zazzaɓi ya zo, kada a kwana ana jira.

Masu ciwon sukari su ƙara kula, domin ƙafarsu takan daina jin zafi, rauninsu kuma ba ya saurin warkewa. Su duba ƙafa kullum, kada su yi tafiya babu takalmi. Tsofaffin da ido ya yi musu rauni, ƴaƴansu su yanke musu. Iyaye mata su duba ƙafafun yara kowane mako.

Ƴan uwa, sabuni da reza kuɗinsu kaɗan ne, amma kwana goma a kwance cikin damina asarar damman hatsi ne. Wanda ya karanta wannan, ya karanta wa maƙwabcinsa.