Mai sayo littattafan lauyoyi: Aikin da ba a gani a ɗakin karatun shari'a

Lokacin da aka sanya hannu kan sabuwar dokar kamfanoni ta Najeriya a watan Agustan 2020, wadda ta maye gurbin ta 1990, littattafai masu yawa a ɗakunan karatun shari'a sun tsufa a rana ɗaya. Bangonsu bai yage ba, amma ɗalibin da ya dogara da su zai iya faɗuwa jarrabawa, lauya kuma ya kafa hujja da sashen da aka soke.

Akwai ma'aikaci guda da irin wannan rana ke hana shi barci: jami'in laburare mai kula da sayo littattafai. Shi ne ke tsara abin da zai shigo ɗakin karatu, daga wurin wa za a saya, da nawa, da kuma abin da za a haƙura da shi. Masu karatu ba su cika ganinsa ba, domin ofishinsa yawanci yana can ciki, tsakanin kwalaye da takardun kuɗi.

Abin da ya bambanta aikinsa da na takwaransa a laburaren adabi shi ne littafin shari'a ba ya ƙarewa. Rahotannin hukunce-hukuncen kotu fitowa suke yi a jere. Wanda ya fi shahara a ƙasar nan, Nigerian Weekly Law Reports, marigayi Gani Fawehinmi ne ya kafa shi a 1985, kuma yanzu sassansa sun haura dubu. Idan kuɗi ya yanke na shekara ɗaya, giɓi ya samu a kanta. Wata rana malami zai nemi hukuncin Kotun Ƙoli da ke cikin sashen da ba a saya ba, kuma cike giɓin daga baya ya fi tsada, in ma an samu. Saboda haka jami'in kan riƙe rajista, yana bin kowane sashe da lambarsa, yana matsa wa dillali idan wani bai iso ba.

Haka dokokin kansu. Kundin dokokin tarayya da ake ambato har yau na 2004 ne, alhali bayansa an yi dokar shaida ta 2011, da ta gudanar da shari'ar laifuka ta 2015, da sabbin dokokin haraji da aka sanya wa hannu a watan Yunin 2025. Kowacce sai an nemo ta daban, kuma ba kowane bugu na kasuwa ne abin amincewa ba. Masu buga na jabu sun san lauyoyi na saye, kuma kuskuren kalma ɗaya a sashen doka ba ƙaramin abu ba ne. Gogaggen jami'i kan gwada bugun da aka kawo masa da na gazet ɗin gwamnati kafin ya sa hannu.

A Arewa aikin yana da ƙarin reshe. Tsangayar shari'a a Zariya ko Kano ko Sakkwato tana koyar da shari'ar Musulunci tare da dokar da aka gada daga Ingila, don haka kanta ɗaya za ta ɗauki Halsbury's Laws of England, ta kusa da ita kuma Muwaɗɗa Malik, da Risala, da Mukhtasar na Khalil da sharhohinsa, da Tuhfatul Hukkam da alƙalai ke yawan komawa gare shi. Waɗannan ba a samun su wurin dillalan Legas. Sai 'yan kasuwar littattafan Larabci masu shigo da bugun Alƙahira da Beirut. Wanda bai iya karanta Larabci ba dole ya jingina da malaman sashen, in ba haka ba ya sayo mujalladi na uku sau biyu ya bar na huɗu.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce rabin aikin. Littattafan waje da rumbunan intanet irin su HeinOnline da LexisNexis da dala ko fam ake biyansu. Bayan sakin naira a watan Yunin 2023, dalar da ke ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati ta haura 1,500 cikin 2024. Kasafin da aka amince da shi a farkon shekara bai iya sayen rabin jerin da aka rubuta ba. Jami'o'in gwamnati suna samun tallafin TETFund na bunƙasa laburare, amma sai an bi matakan dokar sayen kayan gwamnati ta 2007, kuma kafin takarda ta gama zagaya ofisoshi farashi ya sauya.

Rumbunan gida irin su LawPavilion sun sauƙaƙa neman hukunci ƙwarai. Sai dai akwai abin da ake mantawa: littafin da aka saya ya zama na laburare har abada, rumbun intanet kuwa haya ce, ranar da aka kasa sabuntawa ƙofa ta rufe. Ga matsalar wuta. Shi ya sa yawancin jami'an ba sa yarda su bar takarda gaba ɗaya, kuma suna da gaskiya.

Ranar da ake gane darajar wannan ma'aikaci ita ce ranar da tawagar hukumar kula da jami'o'i ko ta Majalisar Ilimin Shari'a ta zo tantancewa. Suna duba kantoci, suna neman sabbin bugu da cikakkun jerin rahotanni, kuma abin da suka gani yana cikin abin da ke shafar yawan ɗaliban da za a bar tsangayar ta ɗauka.

Hanyar shiga aikin ta karatun ilimin laburare ce, wanda Jami'ar Ahmadu Bello ta fara koyarwa a 1968, sannan rajista da hukumar ma'aikatan laburare da aka kafa a 1995. A jami'a ana hawa ne daga mataimakin jami'i zuwa babban jami'i, da sharaɗin digiri na biyu da wallafa bincike kamar sauran malamai. Wanda ya haɗa da digirin lauya ya fi samun kasuwa, a kotuna, da ma'aikatun shari'a, da Makarantar Horas da Lauyoyi mai rassa a Bagauda da Yola, da manyan ofisoshin lauyoyi na Legas da Abuja. Irinsu ba su da yawa, domin wanda ya sha wahalar zama lauya ba kasafai yake son komawa bayan kanta yana lissafin rasit ba.

Tsarin jera littattafan da yawancinsu ke bi ma yana da alaƙa da ƙasar nan. Elizabeth Moys, 'yar Birtaniya da ta fitar da shi a 1968, ta yi aiki a laburaren Jami'ar Legas kafin nan.