Pilin Babba: daga kan sirdi zuwa baitulmalin Rum

A tsohuwar daular Rum, ƙarƙashin ƴan majalisar dattawa, akwai rukunin da ake kira mahaya dawaki. Mutum ba ya shiga cikinsu sai dukiyarsa ta kai sastar dubu 400, wato kuɗinsu na wancan zamani. Daga cikinsu sarki ke ɗaukar hafsoshi da masu kula da lanho. Aikin hawa-hawa ne: soja tukuna, biro daga baya. Albashin ma mataki-mataki ne, sastar dubu 60, dubu 100 ko dubu 200 a shekara.

Wannan tsani Pilin Babba ya taka. An haife shi a Komo, arewacin Italiya, a shekara ta 23 ko 24 miladiyya. Yana saurayi ya tafi bakin kogin Rin, a ƙasar Jamus ta yau, ya jagoranci rundunar barade, har ya wallafa littafi kan jifa da mashi daga kan doki. A zamanin Neron, lokacin da yawan magana ke iya cin ran mutum, sai ya ja jiki ya koma nazarin nahawu.

Da Bespaziyan ya hau mulki a shekara ta 69, tauraronsa ya haska. An danƙa masa kuɗin sarki a larduna, har da Ispaniya, kuma marubucin tarihi Suweton ya shaide shi da tsabtar hannu. A Rum, tun kafin asuba yake isa gaban sarki ya karɓi aiki, in ya gama ya koma ga alƙalami. Ta haka ya tara kundinsa na ilimin halittu mai littafi 37. A ciki ya koka cewa hajar Indiya da Sin da ƙasar Larabawa tana kwashe wa daular sastar miliyan 100 kowace shekara.

Muƙaminsa na ƙarshe shi ne shugabancin jiragen yaƙi na ruwa a Misen. A shekara ta 79 dutsen Bezub ya yi aman wuta, ya binne Pompeyi. Pilin ya fitar da jirage don ceton mutanen gaɓar teku, ya sauka a Sitabiya cikin ruwan toka, iska kuma ta hana komawa. Can numfashinsa ya sarƙe, ya faɗi bakin teku. Ɗan ƴar'uwarsa, Pilin Ƙarami, wanda ya tsaya gida yana karatu, shi ya rubuta labarin rasuwarsa a wasiƙa.