Zafi Da Gurnanin Fanka A Akwatin Kiɗa Na Gida

Mutumin da ya zuba kuɗi ya sayi babbar amfilifaya, wato akwatin nan mai ƙara wa sauti ƙarfi kafin ya isa lasifika, yakan gano aibinta ne in dare ya raba. Da ya rage murya don kada ya ta da maƙwabta, sai ya ji wani gurnani yana fitowa daga bayan akwatin, ya danne ƙananan muryoyin waƙar da ya zauna saurare. Fanka ce ke aikinta, ba kuwa don ado aka sa ta ba.

Asalin maganar shi ne, ba dukan wutar da ke shiga akwatin ke zama sauti ba. Saura zafi take zama. A irin da ake kira aji A, wuta na gudana ko ana kiɗa ko an yi shiru, kuma aƙalla rabinta ke tafiya a zafi, sau da yawa ma kashi uku cikin huɗu. Aji AB, wanda ya cika gidaje a shekarun 1970, ya fi shi tattali, amma shi ma yana ɗumama ƙwarai.

A 1974 hukumar kula da ciniki ta Amurka ta ga kamfanoni na zuguguta ƙarfin kayansu, sai ta kafa doka: kafin a auna amfilifaya, a bar ta ta yi awa guda tana aiki da sulusin ƙarfinta. Ashe kusa da nan ne aji AB ya fi yin zafi. Waɗansu akwatuna suka riƙa kashe kansu tun awar ba ta cika ba. Dole maƙera suka zaɓi ɗayan biyu, ko su ƙara haƙarƙarin alminiyam mai sakin zafi ba tare da ƙara ba, ko su sa fanka mai araha. Pioneer SX-1980 ta 1978, mai wat 270 a kowane ɓangare, nauyinta ya kai kilo 35, kuma haƙarƙarin nan na cikin abin da ya jawo nauyin. Sai a 2000 aka sassauta dokar zuwa kashi ɗaya cikin takwas.

Ita fanka, hayaniyarta daga gudu take. In aka rage gudunta da rabi, ƙararta kan sauka da misalin desibel 15, rata ce babba ga kunne. Saboda haka babba mai juyawa a hankali ta fi ƙarama mai gaggawa, wadda kuwa ba ta tashi sai zafi ya kai wani mizani ta fi su duka.

A ƙasar nan lamarin ya fi tsanani. Zafin Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu yakan wuce digiri 40, ƙurar hunturu kuma ta toshe ƙofofin iska. Ga al'adar kulle akwati a kabad mai gilashi, a lulluɓe shi da ƙyalle mai sak'a don ƙawa. Wannan ganganci ne, domin kowane ƙarin digiri 10 yana rage kwanan kwandansa da kusan rabi. Mai cire fanka don neman shiru shi ma taransistocinsa yake jefawa cikin hatsari.

Amfilifaya ta aji D, da ta yawaita yanzu, tana mai da kusan kashi 90 cikin 100 na wutarta sauti, shi ya sa da yawa daga cikin na gida ba su da fanka sam. Mai tsohon akwati kuwa, abin da ya rage masa shi ne ya bar sarari kamar taƙi guda a samansa, ya riƙa kaɗe ƙura bayan kowane hunturu.