Kaya Ɗaya, Rukuni Huɗu: Ciwon Kan Dillalan Intanet

Akwai wata fitila mai aiki da hasken rana da ta cika kasuwanninmu: tana haska ɗaki, tana cajin waya, wata ma har da rediyo a jikinta. Kantin intanet da ke sayar da ita zai iya sa ta a rukunin fitilu, ko kayan waya, ko kayan sola, ko kayan tafiye-tafiye, kuma duk inda ya sa ta bai yi ƙarya ba. Mai kanti bai cika damuwa da wannan ba. Wanda abin ke ci wa tuwo a ƙwarya shi ne dillalin intanet, wato mai shafin da ke tallata hajar wasu, ya karɓi la'ada idan an saya ta hannunsa.

Sana'ar ta kwana biyu. Amazon ya buɗe shirinsa na Associates a 1996, Commission Junction ya bayyana a 1998, yau ga irin su Awin da Rakuten suna haɗa dubban kantuna da dillalai. A nan gida ma Jumia ta buɗe shirin dillanci, matasa da dama sun shiga. Muddin kaya goma ko ashirin mutum yake tallatawa, da hannu zai kwafe su. Amma idan haja ta kai dubu hamsin, sai kanti ya ba shi kundin bayanai, galibi a tsarin CSV ko XML, wanda ake sabuntawa a kai a kai. Kowane layi kaya ɗaya ne: lambarsa, sunansa, farashi, hoto, adireshin da ke ɗauke da shaidar dillalin, sai kuma rukuni.

A wannan gurbi na ƙarshe rigimar take. Kundin shimfiɗaɗɗe ne, gurbi ɗaya ya tanadar wa rukuni, alhali fitilar tana da huɗu. Wani kanti sai ya zaɓi ɗaya ya watsar da sauran, mai neman abin cajin waya ya zo shafin dillali ya wuce bai gan ta ba. Wani ya cusa duka huɗun a gurbin, ya raba su da waƙafi ko tsayayyen layi. Wannan da sauƙi, amma akwai tarko. Idan sunan rukuni shi kansa yana da waƙafi, misali "Gida, Lambu da Girki", manhajar da ke yanka a kan kowane waƙafi za ta haifar da rukuni biyu da babu su. Ƙa'idar CSV da aka rubuta a 2005, mai lamba RFC 4180, ta ce a killace irin wannan gurbi da alamar zance, sai dai ba kowane kanti ke kiyayewa ba. Haka kuma alamar > ba rabuwa take nufi ba, zuriya take nunawa: Lantarki > Fitilu > Masu sola hanya ɗaya ce daga kaka zuwa jika. Wanda ya ɗauke ta a matsayin rukuni uku masu zaman kansu ya rushe tsarin tun daga tushe.

Hanya ta uku ita ce ta fi ɓarna, kuma abin takaici ita ta fi ruɗar sabon shiga: kanti ya maimaita layin fitilar sau huɗu, kowanne da rukuni daban. Dillalin da ya zuba kundin yadda ya zo zai wayi gari da shafi huɗu na abu ɗaya. Mai bincike ya rubuta "fitila", hoto ɗaya ya fito masa sau huɗu a jere. Gobe farashi ya sauya, manhaja ta gyara layin farko da ta tarar ta bar ukun, shafin ya koma yana faɗar kuɗi biyu a kan haja ɗaya. A ganina wannan ya wuce matsalar fasaha, ya taɓa amana. Mutumin da ya ga farashi a wurinka, ya latsa ya tarar da wani a kanti, ba zai tsaya tambayar laifin wace manhaja ba ne, kai zai riƙe.

Maganin ya girmi sana'ar kanta. A 1970 Edgar Codd, masani a kamfanin IBM, ya fitar da tsarin adana bayanai a jadawaloli masu alaƙa da juna, kuma a kansa yawancin rumbunan bayanai na yau suke. Abin da dillali zai ɗauka daga ciki kaɗan ne: jadawali uku. Na farko na kaya, kowane kaya layi ɗaya tak. Na biyu na rukunoni. Na uku ba ya ɗauke da komai sai lambar kaya da lambar rukuni gefe da gefe. Fitilar tana da layi ɗaya a na farko, layi huɗu a na uku. Farashi ya sauya, wuri ɗaya za a taɓa. Bandir ɗin shadda a Kantin Kwari ba zai zauna a shago biyu lokaci guda ba, shi ya sa tunaninmu ya saba da cewa in ana son abu a wuri biyu sai an samo biyu. A kwamfuta babu wannan tilas. Masu amfani da WordPress ma suna da tsarin a hannunsu ko ba su sani ba, domin da irin wannan jadawali na uku yake haɗa rubutu da rukunoninsa.

Sai dai kafin a haɗe layi huɗu su zama ɗaya, dole a tabbatar abu ɗaya ne. Suna ba shaida ba ne, domin kanti kan ƙara launi ko ya rage harafi. Abin dogaro shi ne lambar GTIN, wadda ke ƙarƙashin zanen layukan da ake haskawa a wurin biyan kuɗi: lambobi 12 a tsarin Amurka, 13 a wanda ya fi yaɗuwa a duniya, kuma waɗanda aka yi wa rajista a Najeriya da 615 suke farawa. Kayan hannu, kamar takalmin fata ko turaren wuta, galibi ba su da ita. A nan sai a haɗa lambar kantin da lambar da kantin ya ba kayan, su zama shaida guda.

Bayan haka sai a zaɓi babban rukuni, domin akwai wuraren da ba sa karɓar amsa huɗu. Google yana da jerin rukunoninsa sama da 5,000, kuma ɗaya kawai yake yarda a ba kowane kaya. Ya bar wa kanti wani gurbin na daban inda zai rubuta nasa rabon har guda biyar, amma na farkon ne ake aiki da shi wajen tsara talla. Wannan tsari ya dace dillali ya kwaikwaya. Fitilar ta bayyana a duk jerin da ta cancanta, amma adireshinta ya zama ɗaya. In kuwa manhaja ta riga ta haifar da adireshi da yawa, akwai alamar da Google da Yahoo da Microsoft suka amince da ita a 2009, wadda ke gaya wa injin bincike wanne ne na asali.

Akwai kuma maganar kuɗi, wadda ake yawan mantawa. A manyan kantuna da yawa la'ada tana bin rukuni ne. A Afrilun 2020 Amazon ya rage ta kayan ɗaki daga kashi 8 cikin ɗari zuwa 3, ta kayan masarufi daga 5 zuwa 1. Rukunin da kanti ya sa shi ake biya da shi, ba wanda dillali ya ga ya fi dacewa ba. Saboda haka duk gyaran da za a yi, a bar ainihin abin da kanti ya rubuto a wani gurbi ba tare da an taɓa shi ba. Da shi ne za a lissafa abin da ake sa ran samu, da shi ne kuma za a yi magana ranar da lissafi ya saɓa.

Aikin da ba ya ƙarewa shi ne daidaita kantuna da juna. Wannan ya ce "Fitilu", wancan ya ce "Hasken gida", na uku ya ce "Lantarki". Awin kan ba da gurbi biyu, rukunin kanti da kuma na kamfanin kansa, wanda ke rage wahala amma ba ya kawar da ita. Dillali yana buƙatar nasa jerin, wanda ya gina bisa yadda masu karatunsa ke neman kaya, da jadawalin da ke cewa rukuni kaza na kanti kaza ya faɗa nan da nan. Kada zumuɗi ya sa a watsa kaya ɗaya a rukuni goma, domin rukunin da komai ke ciki ba ya shiryar da kowa. Kantuna kuma kan sauya sunan rukuni dare ɗaya ba sanarwa. Manhaja mai kyau ba za ta jefa baƙon suna cikin "Sauran kaya" ta yi shiru ba. Za ta ware shi gefe, ta sanar da mai shafi yawan kayan da abin ya shafa, shi kuma ya duba da idonsa ya ba su mazauni kafin kundin gobe ya iso.