ƘYASTUN HARSASHI: WANE MADASHI YA KAMATA MAHALBI YA ZAƁA?

A ƙasashe irin su Amurka da Faransa akwai mahalba da masu gasar halbi waɗanda ba su yar da kwanson harsashi bayan sun halba. Sukan tsince shi, su tsabtace, su sake cikawa a gida, domin kwanson tagulla shi ya hi kome tsada cikin harsashi, kuma yana jure cikawa sau da dama. Dokokinsu sun yarda da wannan aiki bisa sharuɗɗa. Yau za mu duba wani ɗan gurbi na aikin, wanda masu shi ke cewa nan ne ake gane gwani.

Harsashi abu huɗu ne: kwanso, albarushi, dalma, da wata ƴar hular ƙarhe da ke zaune a gindin kwanso, wadda Faransawa ke kira amorce. Mu za mu ce mata ƙyastu, tun da aikinsu guda: in allurar bindiga ta buga, tartsatsi ya tashi, albarushi ya kama. Tushen dabarar daga wani malamin coci ne na Sikotland, Alexander Forsyth, a 1807. A 1866 aka samu iri biyu da ake aiki da su har yanzu: na Boxer, hafsan Ingila, da na Berdan, Ba'amurke. Abin mamaki, Amurka ta rungumi na mutumin Ingila, Turai kuwa ta daɗe tana riƙe da na Ba'amurke. Kwanson Boxer huda guda gare shi a tsakiya, shi ya sa tsohon ƙyastu ke hita da sauƙi, kuma shi masu cikawa suka hi so. Girmansa iri biyu ne: ƙarami milimeta 4,45, babba milimeta 5,33.

To, mine ne wuyar dasa ɗan wannan abu? Wuyar tana ga zurhi. In ƙyastu bai kai ƙasan raminsa ba, ƙarhin allura zai ƙare wajen tura shi, bindiga ta ƙi tashi a lokacin da ake bukatarta. Ko kuma, abin da ya hi muni, ta tashi tun ana cikin ruhe ta. In kuwa aka danne shi hiye da kima, maganin da ke ciki yana iya tsagewa. Daidai shi ne ya taɓa ƙasa, ya ɗan nutse ƙasa da gindin kwanso da kimanin kashi ɗaya cikin goma na milimeta. Ido bai cika ganin wannan ba, amma yatsa yana ji. Saboda haka abin da ake dasawa da shi, wato madashi, ba abin saye da ka ba ne.

Madashi iri uku ne. Na farko shi ne wanda ke haɗe da babban injin matse kwanso. Ba ya bukatar ƙarin kuɗi, amma hannun injin dogo ne, ƙarhinsa ya yi ma aikin yawa, har mutum ba ya jin sa'ad da ƙyastu ya zauna. Kamar a ce za a kashe sauro da taɓarya ne. Manyan injuna irin na Dillon suna jera ƙyastu ɗari cikin bututu guda, shi ya sa aka kewaye bututun da garkuwar ƙarhe: in ɗaya ya fashe, sauran na iya bin shi.

Na biyu shi ne na hannu, wanda ake matsewa kamar hilaya. Kamfanonin Lee, RCBS da Hornady duk suna ƙera shi. Ba shi da tsada, kuma tahin hannu yana jin zaman ƙyastu sarai. Aibinsa gajiya: bayan kwanso ɗari biyu ko uku yatsu sun yi sanyi, kuma hannun da ya gaji ba ya auna daidai. Akwai mai faranti da ke ɗaukar ƙyastu da yawa, akwai wanda ake ba shi ɗaya bayan ɗaya. Wannan na ƙarshe yana da nawa, amma shi masu gasar halbin nesa suka hi amince ma.

Na uku shi ne na kan tebur, irin na RCBS ko Forster. Hannunsa gajere ne, ana jin aikin, ba a kuma gajiya. Dattijo mai ciwon gaɓɓai, ko mai cika ɗaruruwa a zama guda, shi ya dace da shi.

Kahin mutum ya zaɓa, sai ya yi ma kansa tambaya uku. Hannuna yana jin ƙyastu in ya zauna? Akwai shamaki tsakanin wanda ake dasawa da sauran da ke jira cikin faranti? Mai ƙera madashin ya yarda da irin ƙyastun da nike saye? Tambaya ta uku ba wasa ba ce: kamfanin Lee ya daɗe yana gargaɗin kada a zuba ƙyastun Federal cikin tsohon madashinsa Auto-Prime. Maganar sauri sai bayan an amsa waɗannan, domin sauri ya haihi nawa.

Kowane iri aka ɗauka, ƙa'idodin ba su sakewa. A sa tabarau na kariya. A juya bakin kwanso nesa da huska. Kada a juye ƙyastu cikin kwalba ko gwangwani, a bar su cikin kwalinsu inda kowane ke da ɗakinsa. Wanda ya ƙi shiga, kada a tilasta shi. Bayan aiki a wanke hannu kahin a ci abinci, gama akasarinsu akwai dalma cikin haɗinsu.

A nan ƙasarmu, riƙon bindiga da harsasai sai da izinin hukuma, kuma wannan shi ne matakin farko ga kowa. Amma darasin ya shahi duk mai aiki da abin da ke kama wuta: madashi ana sake saye, ido kuwa ba shi da kasuwa. Allah ya kiyashe mu, amin.